Wa haraji yake gani? Sabuwar dokar harajin Najeriya da masu hannu da shuni

Daga ranar 1 ga Janairun 2026, duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba ya fita daga sahun masu biyan harajin kuɗin shiga a Najeriya. Wannan ne abin da gwamnati ta fi yayatawa daga cikin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta tun 2023. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, kuma da zarar an cire kuɗin fansho ya faɗo ƙasa da layin. Masinja da mai shara sun tsira ke nan, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da hakan. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ta can sama: attajiri fa, nawa ne zai fita daga aljihunsa?

Sai an fahimci yadda ake lissafin kafin a amsa. Harajin hawa-hawa ne. Naira 800,000 na farko babu komai a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na bayansu kashi 21, sai miliyan 25 da ake yanka wa kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50 shi ne ke ɗaukar kashi 25. Akwai wata fahimta da ta yaɗu a ofisoshi, wai idan aka yi maka ƙarin girma ka shiga matakin kashi 18, duk albashinka ne za a yanka da kashi 18. Ba haka ba ne. Kowane mataki yana cin rabonsa ne kawai. Wanda ke samun miliyan 60 a shekara, miliyan 10 na ƙarshe ne kaɗai ke biyan kashi 25. In aka tara duka, harajinsa miliyan 12.93 ne, kusan kashi 21 da rabi na abin da ya samu, kafin a cire masa fansho da sauran rangwame.

A takarda, wannan ya fi tsohon tsari adalci nesa ba kusa ba. Dokar da aka gyara a 2011 ta fara karɓa daga kashi 7 a kan naira 300,000 na farko, ta kai ƙololuwarta ta kashi 24 a kan abin da ya haura miliyan 3.2. A wancan lokacin dala tana wajen naira 150 zuwa 160, saboda haka miliyan 3.2 sun haura dala 20,000, kuɗin babban ma'aikaci ne. Shekara goma sha huɗu aka yi ba a taɓa waɗannan lambobin ba, naira kuma tana ta zubewa. Zuwa 2024 miliyan 3.2 sun koma dala 2,000 da 'yan kai, sai ga matsakaicin ma'aikacin banki da manajan daraktan bankin suna mataki ɗaya. Ga kuma rangwamen da tsohuwar dokar ke bai wa kowa: kashi 20 na kuɗin shiga, da ƙarin naira 200,000 ko kashi 1, duk wanda ya fi yawa. Tunda kaso ne, mai babban albashi ya fi morarsa, har ya zama komai yawan abin da mutum ke samu, ainihin abin da yake biya ba ya wuce wajen kashi 19. Sabuwar doka ta soke wannan rangwamen, ta maye gurbinsa da na kuɗin haya: kashi 20 na hayar da mutum ke biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. (Wanda ke zaune a gidan gado, kamar yadda da yawa suke a birnin Kano ko Zariya, ba shi da rabo a nan.)

To ina matsalar? Matsalar ita ce duk wannan lissafin albashi yake gani, attajiri kuwa ba da albashi yake rayuwa ba.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya ko lakcara mai naira 300,000 a wata, miliyan 3.6 a shekara. A ce an cire kashi 8 na fansho, saura 3,312,000. A ce tana biyan hayar 600,000, an yafe mata 120,000, saura 3,192,000. Miliyan 2.2 da ke bayan 800,000 na farko za su ba da 330,000, ragowar 192,000 kuma 34,560. Jimla 364,560, wato kashi 10 da ɗigo na albashinta. Ba ta ma ganin kuɗin. Ofishin albashi ne ke cire su kafin alat ya shigo wayarta, ba ta da akanta, ba ta da lauya, ba ta da wanda za ta ce wa a dakata tukuna.

Yanzu ɗauki wanda ke da hannun jari a babban kamfanin siminti ko banki, aka raba riba a ƙarshen shekara ya samu naira biliyan ɗaya. Harajin da ake riƙewa a kan rabon riba kashi 10 ne, kuma daga shi an gama, ba a sake ɗora kuɗin a kan matakan nan. Ma'aikaciyar jinya kashi 10, mai biliyan kashi 10. Idan kuma ya zuba dukiyarsa a takardun lamuni na Gwamnatin Tarayya, ruwan da yake karɓa babu haraji a kansa ko kwabo.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa kafin a raba ribar, kamfanin ya riga ya biya kashi 30 na harajin kamfanoni, ga kuma kashi 4 na harajin raya ƙasa da sabuwar doka ta haɗe wasu tsofaffin haraji a cikinsa. In an sake hawa kan mai hannun jari da kashi 25, an yanki kuɗi ɗaya sau biyu. Gaskiya ne a ƙa'ida. Sai dai kashi 30 ɗin nan ba kowane kamfani ke biyansa cikakke ba. Shekaru da dama akwai tsarin da ke yafe wa kamfanonin da aka ɗauka a matsayin masu share fage haraji na shekara uku, a iya ƙara musu biyu, kuma manya ne suka fi sanin ƙofar da ake bi a samu. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarnin da ya ba kamfanoni damar gina titi su cire kuɗin daga harajinsu. Ana iya yabon titin, amma a lura: kamfani ne ke zaɓar inda harajinsa zai tafi, sau da yawa hanyar da manyan motocinsa ke bi. Babu malamin makarantar da aka taɓa ba shi zaɓin ya gyara kwalbatin unguwarsu a cire daga harajin albashinsa. Sannan wani kaso na harajin kamfani, a kasuwar da masu sayarwa ba su da yawa, a kan farashin buhu yake ƙarewa.

Amma ko rabon riba ba shi ne babban ramin ba. Babban ramin shi ne dukiyar da ke ƙaruwa ba tare da an sayar da komai ba. Wanda ya sayi fili a Abuja shekara ashirin da suka wuce, yau darajarsa ta ninka sau da yawa. Ya yi arziki, kowa ya sani, amma a idon doka bai samu kuɗin shiga ba sai ranar da ya sayar. Shi kuma ba ya bukatar sayarwa. In yana son kuɗi sai ya kai takardar filin ko ta hannun jarin banki a matsayin jingina, ya karɓi bashi, bashi kuwa ba a yi masa haraji. In ya rasu, magada su gaji kadarar. Najeriya ba ta da harajin gado. Wanda aka kafa a 1979 an soke shi a 1996, kuma da raɗe-raɗin dawo da shi ya taso lokacin muhawarar waɗannan dokokin, malamai da 'yan siyasar Arewa suka tayar da jijiyar wuya, kwamitin Oyedele ya fito ya ce babu wannan maganar. Mai karɓar haraji kamar mai karɓar kuɗin ƙofa ne a kasuwa: yana ganin abin da aka ɗauko a ka, ba ya ganin abin da ke jibge a sito.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A 2011 attajirin Amurka Warren Buffett ya bayyana da kansa cewa kashi 17.4 ya biya a shekarar da ta gabata, alhali ma'aikatan ofishinsa sun biya tsakanin kashi 33 zuwa 41. A 2021 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta samu bayanan harajin manyan attajiran Amurka, ta nuna cewa dukiyar mutum 25 da suka fi kowa ta ƙaru da dala biliyan 401 tsakanin 2014 da 2018, harajin kuɗin shiga da suka biya kuwa dala biliyan 13.6, wato kashi 3.4 na ƙaruwar. Ba su karya doka ba. Dokar ce aka gina a kan abin da aka sayar, su kuma ba sa sayarwa.

A nan ne sabuwar dokarmu ta yi wani yunƙuri da ya cancanci a ambata. A da, ribar sayar da kadara kashi 10 ne kacal ga kowa, kuma hannun jari ma an daɗe ba a taɓa shi ba sai da dokar kuɗi ta 2021 ta dawo da shi. Yanzu ribar da mutum ya ci a sayar da fili, gida ko hannun jari ana ɗora ta a kan matakan nan har zuwa kashi 25, kamfani kuma kashi 30. An bar wa ƙananan masu zuba jari ƙofa: wanda abin da ya sayar na hannun jari a shekara bai kai miliyan 150 ba, ribarsa kuma ba ta wuce miliyan 10 ba, babu ruwansa. Ga wanda ke son sanin inda dokar ta taɓa masu ƙarfi da gaske, ya dubi inda aka fi kururuwa. A watan Nuwamban 2025 kasuwar hannun jari ta Legas ta yi mummunar faɗuwa, masu sharhi suka ɗora laifin a kan fargabar wannan harajin, nan da nan manyan jami'an gwamnati suka fara maganar sake dubawa. Ƙorafin mai albashi bai taɓa samun amsa da irin wannan saurin ba.

Mu da muka tashi da karatun zakka, bambancin nan tsakanin abin da ya shigo da abin da ke ajiye ba baƙonmu ba ne. Zakkar dukiya ba ta tambayar nawa ka samu a wata. Tana tambayar nawa ka mallaka da ya kai nisabi ya kuma shekara, ta ɗauki ɗaya cikin arba'in. Malaman Malikiyya ma sun tattauna ainihin matsalar da masana haraji ke fama da ita yau: sun bambanta ɗan kasuwa mai juya haja kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar, da mai ajiye kaya yana jiran farashi, wanda sai ya sayar zai fitar ta shekara ɗaya. Ba ina cewa zakka haraji ce ba, ko a haɗa su. Masu cin zakka Alƙur'ani ya ƙidaya su, kuma gina titi ba ya ciki. Abin lura kawai shi ne, shawarar da masanin tattalin arziki ɗan Faransa Gabriel Zucman ya gabatar wa G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a 2024, lokacin da Brazil ke shugabanci, ta a karɓi kashi 2 na dukiyar masu biliyoyin dala kimanin 3,000 a duniya duk shekara, wadda wasu suka kira tsattsauran ra'ayi, ba ta kai kashi 2.5 da ake karantar da yaranmu a Islamiyya ba.

Harajin dukiya kai-tsaye yana da nasa wahalhalu, kuma bai kamata a ɓoye su ba. A 1990 ƙasashe 12 na OECD, ƙungiyar da akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, suna da shi. Zuwa 2017 saura 4. Faransa ta soke nata a 2018 ta bar na gidaje da filaye kawai. Norway ta ɗaga nata a 2022, wasu manyan attajiranta suka tattara suka koma Suwizalan. Kuɗi suna da ƙafa, kuma attajirin Najeriya ya san hanyar Dubai da Landan fiye da yadda mai karɓar haraji ya san hanyar gidansa. Ƙiyasta darajar kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari ma aiki ne ja. A ganina, kwaikwayon wannan harajin a ƙasar da har yanzu ba ta san adadin masu samun kuɗin shiga ba, ɗaukar kaya ne da ya fi ƙarfin wuya.

Domin kuwa matsalarmu ta farko ta fi ta Amurka sauƙin faɗa, ta kuma fi ta muni. Can attajiri yana cika takarda, ya yi amfani da ramukan doka. Nan da yawa ba sa cikin rajistar ma. Ranar da aka ƙaddamar da shirin VAIDS a Yunin 2017, wanda ya yi wa masu ɓoye dukiya afuwa in sun fito da kansu, Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ce mutum 214 ne kacal a duk Najeriya ke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukansu a Legas suke. Babu ko ɗaya a Kano, cibiyar kasuwancin Arewa, babu a Kaduna, babu a Fatakwal ko Onica. Wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ko Singa ya ga tirelolin da ake saukewa a yini ɗaya ya san ba rashin masu kuɗi ba ne. Dillalin hatsi a Dawanau da ke loda motoci zuwa Nijar da kudu, cinikinsa na mako na iya fin albashin farfesa na shekara, amma farfesan ne ke cikin kwamfutar hukumar haraji.

Kada kuma a ce talakan da ba ya albashi ba ya biyan komai. Yana biya, sai dai ba a kiransa harajin kuɗin shiga. Mai tebur a kasuwa yana yankar tikiti. A Fabrairun 2021 masu Adaidaita Sahu a Kano suka tafi yajin aiki a kan harajin naira 100 a kullum. Ɗari a kullum, in mutum ya fita aiki kwana 300, naira 30,000 ne a shekara, daga hannun wanda sau da yawa babur ɗin ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa. Ga harajin VAT na kashi 7.5 da ke kan katin waya da sabulu, wanda ba ya tambayar mai saye ko shi wane ne. Mai ƙaramin ƙarfi yana kashe duk abin da ya samu, don haka kusan duk kuɗinsa na bi ta ƙarƙashin wannan harajin. Mai dukiya kaɗan yake kashewa daga nasa. Majalisa ta yi daidai da ta ƙi amincewa da ƙara VAT ɗin da aka nema tun farko, kuma cire shi daga kayan abinci na yau da kullum, magani da karatu ya rage zafin.

Ƙin haraji a ƙasar Hausa yana da tarihi, ba taurin kai ba ne kawai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Turawa suka zo suka tsara haraji ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, kowane baligi da kuɗin kansa, ko ya noma ko fari ya cinye. Dattawa har yau suna ba da labarin masu gudu daga gari in lokacin haraji ya zo, da waɗanda aka shanya a rana a ƙofar dagaci. A kan wannan ne jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta gina kiranta, kuma da magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi. Abin da aka yaƙa a lokacin shi ne harajin da ke auna kai ba ya auna samu. Abin takaici, ƙyamar da aka gada daga wancan zamanin yau ta zama garkuwa ga waɗanda NEPU ba don su ta yi gwagwarmaya ba. In aka ce haraji, talaka ne ke fara ihu, mai kuɗi ya yi shiru ya bar shi ya yi masa faɗan.

Akwai kuma hujjar da kowa ke kawowa: me aka yi da wanda aka karɓa? Attajiri zai ce shi ya haƙa rijiyar burtsatsensa, ya sayi janareto da sola, ya ɗauki masu gadi, 'ya'yansa na makarantar kuɗi. Duk gaskiya ne. Amma ma'aikaciyar jinyar nan ma tana sayen ruwan garuwa, tana biyan kuɗin 'yan sintiri na unguwa, kuma ba a ba ta damar riƙe nata kason har sai gwamnati ta gyaru ba. In hujjar ta isa ta hana biya, to ta hana kowa.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ba Abuja ke karɓarsa ba. In ban da sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan harkokin waje da mazauna babban birnin tarayya, hukumomin tara kuɗin shiga na jihohi ne ke karɓa, kuma kuɗin na jiha ne. Majalisar Tarayya ta rubuta kashi 25, amma wanda zai aika wa babban ɗan kasuwa takardar ƙiyasi ma'aikacin gwamna ne, gwamnan da wataƙila wannan ɗan kasuwar ne ya ɗauki nauyin motocin kamfen ɗinsa. Sabuwar doka ta ba da kayan aiki: lambar shaidar mai biyan haraji da aka ɗaure da lambar ɗan ƙasa, da wajabta wa bankuna kai rahoton manyan hada-hadar kuɗi. Jihohi kuma suna da abin da ba ya iya hawa jirgi, wato ƙasa. Kano da Kaduna duk sun kafa hukumomin rajistar filaye na zamani, sun san wanda ya mallaki wane fili a Nasarawa GRA ko Unguwar Rimi. Gidan da aka gina aka kulle shekara biyar ana jiran ya yi tsada ba a iya ɓoye shi a asusun waje. Amma ko Legas, da ta fi kowa ƙwarewa a wannan fanni, da ta ɗaga harajin filaye da gidaje a 2018 sai da masu kadarori da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka taso mata, ta rage, a 2020 kuma aka sake dokar.

A ƙarshen Oktoban 2024 gwamnonin Arewa 19 da sarakuna sun taru a Kaduna sun yi fatali da ƙudurorin harajin, kuma abin da ya tayar musu da hankali shi ne yadda za a raba kuɗin VAT tsakanin jihohi. Sun yi faɗan, sun kuma samu sassauci: kason da za a raba bisa inda aka yi ciniki ya sauko daga kashi 60 da aka nema zuwa 30. Watanni aka kwashe ana wannan dambarwar a kan rabon harajin da mai sayen katin waya ke biya. Harajin kuɗin shiga na attajiran da ke zaune a jihohinsu, wanda ba sai sun raba shi da kowa ba, bai samu ko kusa da wannan zafin daga bakinsu ba.